Matar da Ke Ƙarƙashin Fenti

Lyle Cresswell maƙwabcina ne, shinge ɗaya ya raba mu, kuma sana'arsa zanen teku. Ba wai ya fi kowa son teku ba ne, shi dai ake saye. A garinmu da ke gaɓar arewacin tsibirin Tasmania na ƙasar Ostireliya, in ka buɗe taga teku ne, in ka rufe ka ji rurinsa, don haka ba mai ba da ko sisi a rataye masa shi a bango. Amma mutanen birnin Melbourne, masu zama a saman bene suna kallon bangon maƙwabci, su ba sa ƙoshi da shi. Su Lyle yake yi wa aiki. Tun da safe zai shige rumfar da ke bayan gidansa, da fentin mai da buroshi, ya yi ta zana musu teku: mai kumfa, mai kwanciya, mai hadari, wani lokaci ya ɗan jefa kwalekwale can nesa don masu son ganin alamar rai.

Sau biyu a shekara yakan loda su a tsohuwar a-kori-kurarsa, ya hau jirgin ruwa ya tsallaka Melbourne, ya kai gidan baje kolin zane na wata mata mai suna Imelda Rourke. Ita ke rataye su a farin bango, ta gayyato mutane su sha giya su karkata kai suna nazari kamar sun san abin da suke kallo. Wanda aka saya ta manna masa jan ɗigo a gefe, ta cire rabonta, ta aiko wa Lyle da nasa. Ka'idar sana'ar kuwa ita ce mai zane ba ya sanin mai saye. In suka san juna, gobe sai su yi ciniki ta bayan gida, mai baje koli ta tashi a tutar babu. Saboda haka Lyle ya tsufa yana haihuwar hotuna yana ba da su riƙo, bai san bangon da ko ɗaya ya ƙare a kai ba.

In ya tsallaka ni ke ba kajinsa abinci. Iyakar hulɗarmu ke nan tun rasuwar matarsa Glenys, sai ɗaga hannu in mun haɗu a wajen kwandon shara. Ina tausayinsa, amma mutum ne da tausayi ba ya samun wurin zama a jikinsa. Abin da ban gani da idona ba a labarin nan, shi ya gaya mini daga baya, guntu-guntu, ta saman shinge.

Farkon sanyin bara Imelda ta kira shi a waya.

"Tsoho, kana raye?"

"Da na mutu ai ke za ki fara ji, farashi ya tashi."

"Kar ka sa mini rai. Ka tuna wani teku da ka yi mai ƙaton gajimare, da dutsen nan naku a hannun dama? Ya haura shekara ashirin."

"Imelda, duk tekunana da gajimare da dutse."

"To wannan ya yi baƙuwa. Wani likitan haƙori ne ya saye shi, ya rataye a gaban kujerar da yake kwantar da mutane. Yanzu ya ce da sun kwanta sun buɗe baki, sai su ga wata mata tana leƙensu ta cikin gajimaren. Wata 'yar ƙaramar yarinya ta yi ta ihu har aka fasa aikin."

Lyle ya yi dariya, abin da ya daɗe bai yi ba. Ba baƙon abu ba ne a wajensu. Fentin mai in ya tsufa yakan yi shara-shara, abin da ke ƙarƙashinsa ya fara nunawa. Shi kuwa a shekarun da babu ta yi musu katutu, ba ya jefar da ƙyallen da ake zane a kai. Hoton da bai yi ba sai ya shafe ya yi wani a kai. Ya shafe kwanon lemo, ya shafe karnuka, ya shafe matan masu kuɗin da suka sa a zana su sannan suka ce ba su yi kyau ba. Ya ce wa Imelda ƙila ɗaya daga cikinsu ce ta dawo ɗaukar fansa.

"Ko wace ce, ka mayar da ita inda ta fito," in ji Imelda. "Kowa ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski. Zan aiko maka, ka gyara wa bawan Allah gajimarensa."

Ranar da motar kaya ta kawo shi Lyle ya tafi sayen itace, sai direban ya ajiye a wajena. Da ya dawo na kama masa muka kai rumfa, don hoton na da faɗi, iska kuma tana neman ƙwace shi. Rabona da shiga rumfar tun Glenys na da rai. Ba abin da ya canza sai ƙura da ta ƙaru, da warin man fenti wanda ya kama komai har kofin shayinsa. Ya yanke igiyoyin, ya yaye takardar, ya jingina hoton ta wajen da hasken taga ke faɗowa, ya ja da baya yana goge hannu a wando.

Ni na fara magana, don bakina ba ya jiran izini. Na ce, "Lyle, ai Glenys ce."

Ya ƙura wa gajimaren ido. Ido ɗaya ne ya fito sosai, da girar da ke kansa, wadda takan ɗaga in mutum yana mata surutun banza. Gefen kunci ya biyo bakin gajimaren, sai ɗan lanƙwasar leɓe can ƙasa, inda ruwan toka ya haɗu da shuɗi. Sauran fuskar na ciki. Amma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin girkinta zai gane ta.

Ya daɗe a tsaye. Can ya ce, "Na manta a kan wannan ne." Sai na ga ya kamata in je in duba abin da ban ɗora a wuta ba.

Sau ɗaya tak Glenys ta taɓa zama ya zana ta, wata ranar Lahadi da yamma. Ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Tana ɓarar wake a cinya, tana tashi duba nama, tana tambayarsa ko ya gama. Da ya juyo mata da hoton ta kalle shi sama da ƙasa ta ce, "Wannan ai matar da bas ta tashi ta bari ce. Shafe ni, ka yi teku a kai, ko ma samu na gyaran rufin nan da ke yoyo." Suna dariya ya shafe ta, fentin bai ma gama bushewa ba. Wa zai yi tunanin adana hoton mutumin da yake gani kullum safe da yamma?

Ciwon da ya ɗauke ta bai ja dogon lokaci ba. Bayan an yi jana'iza ya zazzage akwatin hotunansu, ya tarar duk ita ce mai riƙe da kyamara: ga shi a bakin ruwa, ga shi da kifi, ga shi yana barci a kujera baki buɗe. Inda ta fito kuwa, ko tana can nesa, ko inuwar malafa ta rufe ta. Ya gwada zana ta da ka, ba sau ɗaya ba, sai wasu mata da bai sani ba su yi ta fitowa. Muryarta tana nan a kunnensa, har faɗanta, amma fuskar ta yi ta zame masa. Wannan ya fi komai cin ransa, a ce mutumin da ya rayu da idonsa ya kasa riƙe fuskar matarsa.

Washegari na ga ya fito da butar shayinsa da kujerarsa ta falo, ya kai rumfa. Daga ranar can yake karyawa, can yake cin abincin rana, miyar gwangwani da gasasshen burodi, faranti a kan gwiwa. Hasken safe ne ya fi fito da ita, in ya shigo ta gefe. Da rana ta yi sama sai ta koma gajimare, shi kuma ya zauna ya jira. In ina shanya nakan jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa, yana ba da labarin kazar da ta daina ƙwai da wanda ya mutu a gari. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka da mai rai ba.

Ba wai bai yi niyyar aikin ba. Kullum zai haɗa ruwan tokar, fari da ɗan shuɗi da ɗan ja, har ya yi daidai da na gajimaren. Zai ɗebo a buroshi, ya matsa kusa, ya ɗaga hannu. Sai ya tsaya, idon nan na kallonsa, girar a ɗage. Daga nan ya je ya wanke buroshin. Aikin da bai fi na shan shayi ɗaya ba ya gagare shi.

Ya yi tunanin kankare tekun ya fito da ita gaba ɗaya, amma ya san ba zai yiwu ba. Tun da a kan ɗanyen fenti ya yi na biyun, sun riga sun zama jiki ɗaya, duk abin da ya ci na sama zai tafi da na ƙasa. Ga shi kuma hoton ba nasa ba ne. Wanda ya biya shi ne mai shi.

Sai ya kira Imelda ya ce ta gaya wa likitan ya zaɓi duk wanda yake so cikin sababbin ya bar masa wannan. Ya zaɓi biyu ma, har da babban da ta ajiye don bikin bazara. Bai gaya mata dalili ba, ya ce kawai gyaran zai ɓata hoton. Kwana biyu ta dawo da amsa.

"Ya ce ya gode, amma nasa yake so."

"Na yanzu ai sun fi shi kyau."

"Na gaya masa. Har ƙarya na ƙara. Ya ce nasa yake so, kuma bangonsa ya gaji da zama tsirara. Me ke damunka ne, tsoho? Hannu ya fara rawa?"

"Hannuna ƙalau."

"To ka sa shi aiki."

A nan ne dabara ta zo masa, irin wadda ke zuwar wa mutumin da ba shi da wanda zai yi shawara da shi. Ya tono wani tsohon ƙyalle daidai girman wancan, mai tsohon katako, ya jingina su kafaɗa da kafaɗa, ya shiga kwafar tekunsa da kansa. Dutse inda dutse yake, kumfa inda kumfa take, gajimare tas ba kowa a ciki. Ya zuba wa fentin maganin saurin bushewa, ya ajiye shi kusa da murhun itace, ya goga wa bayansa ruwan shayi don ya yi kalar tsufa. Sanyin garinmu kuwa ba ya barin ko safa ta bushe, balle fentin mai.

Na shiga kai masa ƙwan da kazarsa ta tsallako ta yi a wajena, na tarar da teku biyu. Na kalli wannan, na kalli wancan.

Na ce, "Lyle, ramin ƙarya fa ƙurarre ne."

"Ni na yi na farko, ni na yi na biyu," in ji shi. "Ina ƙaryar?"

Na ajiye ƙwan na fita. Ba hotona ba ne, ba matata ba ce.

Da fentin ya daina kama yatsa ya naɗe sabon ya sa a mota zai kai wa Imelda da kansa. Har ya tayar da ita, sai ya kashe, ya koma rumfa ya fito da tsohon a naɗe cikin bargo, ya kwantar da shi a bayan kujera. Ya ga ina kallonsa. Ya ce rumfar na da danshi in ba a hura wuta. Na ce haka ne.

Imelda ta girme shi, tana dogara sanda, ga tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Amma hancinta bai tsufa ba. Da ya jingina hoton a ɗakin ajiyarta ko kallon gabansa ba ta yi ba. Ta sunkuya ta shinshina. Ta juya shi ta dubi bayan, ta shinshina nan ma. Sannan ta nemi inda kumfa ta fi kauri a gindin dutsen, ta danna farcen babban yatsanta a hankali. Da ta ɗaga, shaidar farcen na nan.

"Fentin shekara ashirin ba ya karɓar farce, Lyle. Kuma bayansa warin shayi yake. Har madara ka sa?"

Ya sunkuya ya dubi shaidar farcen.

"Ni za ka yi wa haka? Ni da na sayar da kai tun kana da gashi?" Ta ja kujera ta zauna, ta cire tabarau ta goge, ta mayar, sannan ta kalli hoton sosai. Muryarta ta sauka. "Ko da ya bushe ƙarau zan gane. Wancan, wanda ya yi shi sauri yake, da gani ka san ana jiransa da abinci. Wannan kuwa wanda ya yi shi ba inda za shi. Dubi yadda ka zauna wa kowace kumfa."

Maganar ta shige shi fiye da zagin. Ya ce, "Glenys ce a ciki."

"A cikin me?"

"A gajimaren. Matar da ke tsorata yaran mutane."

Imelda ta miƙe, ta tambaye shi ina tsohon hoton, ya ce yana mota. Ta ɗauki sandarta ta fita titi, shi yana biye da ita. Ya buɗe motar, ya yaye bargon, ta leƙa. Lokacin da hoton ya biyo ta hannunta yaranta ne suka naɗe shi, ita kallo ɗaya ta yi masa a ɗaki mai duhu. Yanzu ga shi a hasken rana. Ta san Glenys sarai. Glenys ce ke zuwa bikin buɗe baje koli da kwandon biskit ɗin da ta toya, tana raɗa wa masu saye cewa kuɗin ya yi yawa, su taya.

"Ita ce," in ji Imelda. "Ga girar nan. Haka take kallona in na faɗi farashi." Ta fyace hanci a hankici, ta harare shi. "Sai ka buɗe baki ka gaya mini, tsohon banza. Wata guda kana wasa da hankalina."

"Da na gaya miki me za ki yi?"

"Abin da zan yi yanzu. Tun da na buɗe gidan nan ban taɓa haɗa mai zane da mai saye ba, yau zan karya. Ka je ka gaya masa da bakinka. Amma in na ji ka sayar masa da ko katin gaisuwa a bayana, da sandar nan zan fasa maka kai."

Mai hoton, Likita Kallergis, bai kai hamsin ba, mutum ne mai ƙaramar murya da manyan hannuwa. Ya karɓi Lyle lokacin hutun rana, yana riƙe da burodin da bai gama ci ba. A bangon da ke fuskantar kujerar marasa lafiya akwai murabba'in wuri da ya fi sauran haske, da ƙusa a samansa. Lyle ya daɗe yana kallon wurin. Karo na farko ke nan da ya ga bangon da hotonsa ya zauna.

Ya jingina hoton a ƙasa ya faɗi abin da ya kawo shi. Bai iya tsara magana ba, ya fara ta tsakiya ya koma farko, har batun wake da rufi mai yoyo ya sako. Bai ɓoye na biyun da ya yi ba. Likita ya ajiye burodinsa ya saurara har ƙarshe.

"Mista Cresswell," ya ce, "bari ni ma in gaya maka nawa. Ba ni na zaɓi hoton nan ba, babana ne. Daga wani tsibiri na Girka ya zo, ya ƙare ƙarfinsa a masana'anta, bai sake komawa ba. Makon da zan buɗe wurin nan muka wuce ta gaban gidan Imelda, ya tsaya cak a bakin gilashi. Ya ce dutsen nan irin na ƙauyensu ne, har inda yara ke tsalle su faɗa ruwa. In na tashi aiki sai ya zo ya hau kujerar nan, ya ce in kwantar masa da ita, ya yi ta kallo. Haƙoransa ko ɗaya bai taɓa bari na duba ba." Ya ɗan yi murmushi, ya daina. "Ya rasu. Ka yi haƙuri, ba zan iya ba ka shi ba."

"Na gane," in ji Lyle. Kuma ya gane ɗin, shi ne abin da ya fi ciwo. Da mugu ya tarar da ya samu wanda zai ji haushi. "Ni kuma ba zan iya shafe ta ba. Na gwada. In dai sai an shafe, ka nemi wani ya yi, akwai masu gyara a garin nan. Ina dai roƙon kar ka gaya mini ranar."

Suka tsaya suna kallon hoto ɗaya, kowa da abin da yake gani. A waje wani yaro na rigima da uwarsa.

"Yaya sunanta?" in ji likita.

"Glenys."

"Tekun zai ɓace ne gaba ɗaya?"

"A'a. Za ta yi ta fitowa kaɗan-kaɗan, amma teku zai zauna, dutsen ma haka, don nan fentin ya fi kauri. Ni da kai ba mai ganin ƙarshen abin."

Likita ya share hannu a farar rigarsa. "To kama mini can."

Suka ɗaga shi tare suka rataye. Lyle ya ja da baya, ya ce a ɗan ɗaga hagu, ya ce ya yi yawa, ya zo ya gyara da kansa.

"Yaran fa?" Lyle ya tambaya.

"Zan ce musu sunanta Glenys, tana lura da wanda ba ya goge baki."

"Za ta so aikin," in ji Lyle.

Ya dawo gida da bargo a ninke a bayan kujera. Sabon tekun Imelda ta riƙe, ta ce in ya bushe za ta rataye shi da shekararsa ta gaskiya. Ina ba kaji abinci ya shigo, ya yi mini godiya, ya wuce rumfa. Ta taga na hango shi tsaye a gaban wurin da hoton ya jingina, hannu a aljihu. Ya daɗe. Bayan nan ya fito da butar shayi da kujera ya mayar da su cikin gida, ɗaya bayan ɗaya, cikin yayyafi.

Sauran sanyin ya yi masa tsawo. Maganar da nake jiyowa daga rumfa ta ɗauke, sai ƙarar wuƙar fenti a kan allo da rediyo mai faɗin yanayin ruwa ga masunta. Ya rame. Wata rana na kai masa romo, ya karɓa a bakin ƙofa, ya ce ya gode, ya tsaya kamar zai ƙara wani abu. Can ya ce, "Yanzu dai na san inda take." Ya rufe ƙofa. Na koma gida raina ba daɗi, har na yi wa mage faɗan da bai kamace ta ba.

Da bazara ta shigo lokacin kai sababbin hotuna ya yi. Da safe ya ƙwanƙwasa mini ƙofa kan batun kaji, sai na ga ya yi aski, ya sa kwat ɗin da rabonsa da ita tun jana'iza, takalmi ya sha gogewa.

Na ce, "Imelda ce ta samu wannan gata?"

"Zan ga likitan haƙori," in ji shi. "Na kira, sun ba ni lokaci."

Na riƙe dariyata da ƙyar. Wane haƙori? Lyle ba shi da ko ɗaya nasa. Shekarar da ta biyo bayan rasuwar Glenys ya saki kansa, dasashinsa ya lalace, aka cire su duka aka sa masa na roba sama da ƙasa. Amma ya biya kuɗin ganin likita kamar kowa, ya zauna a layi tsakanin wata mai kumburarren kunci da wani mai karanta jarida, har aka kira sunansa.

Likita Kallergis bai nuna mamaki ba. Ya gaishe shi, ya ɗaura masa ƙyallen takarda a wuya, ya danna kujerar ta kwanta da shi a hankali har hoton ya zo daidai idonsa. Hasken safe na shigowa ta gefe. Tana nan. Ya ga kamar ɗaya idon ma ya fara motsowa daga cikin tokar, ko kuwa son ransa ne, bai sani ba.

"Tun da ka zo, bari in yi aikina," in ji likita. "Ciro su in duba dasashin."

Lyle ya ciro, aka sa su a ɗan kwanon ƙarfe. Likita ya haska, ya duba sama da ƙasa, ya ce ba laifi. Sai ya kashe fitilar da ke dallare masa ido, ya cire safar hannu, ya ce shi zai je ya sha kofi, ba kowa a bayansa sai an jima, kar ya yi sauri. Har ya kama hannun ƙofa ya ji ana kiransa, muryar ba ta fita sosai. Ya waiwayo ya ga tsohon ya rufe baki da tafin hannu, ɗaya hannun yana nuna kwanon.

"Ba ni haƙorana tukuna, likita. Ba ta taɓa ganina haka ba."